Darasin Rakiya a Ofishin Barista Mas'ud

Ranar da 'yan sanda suka tafi da Isma'ila ɗan Nagode mahauci, kafin la'asar duk Bakura ta ji. Mata sun ji ta kan katanga, 'yan kabu-kabu sun kai labarin tasha, har kurman da ke gyaran takalma a bakin masallaci sai da aka yi masa nuni da hannu ya gane. Mutum ɗaya ne a dangin kaf labarin bai kai wa ba, kuma shi ne kaɗai lauyan da Allah ya ba su: Barista Mas'ud Labaran, ƙanen Nagode uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke zaune a Talata Mafara yana koya wa ɗaliban lauya yadda ake sauraron mutane.

Ba wai ba a neme shi ba. Ƙanwarsu Fadima ta buga masa waya tun a ranar. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, dama..." Shi ke nan ya karɓe zancen. Ya ba ta labarin hawan jininsa, da tsadar taki, da yadda ya kayar da wani lauyan Gusau a kan rikicin iyakar gona, har katin wayarta ya ƙare. Ya ajiye waya yana cewa kai, Fadima akwai zumunci. Daga nan Nagode ya hana kowa sake kira. Ya ce irin wannan magana ba ta waya ba ce, shi zai je da ƙafarsa ranar kasuwa.

Abin da ya faru kuwa shi ne, Isma'ila ya sayi bijimi a wata kara, kasuwar shanu ta wajen Maradun, ta hannun dillali, ya yanka ya sayar. Sai ga wani makiyayi ya gane fatar, ya rantse cikin shanunsa da aka kora ne. Aka nemi dillali sama da ƙasa aka rasa. A wannan zamani, in aka liƙa wa mahauci sunan mai karɓar shanun sata a Zamfara, ba shi kaɗai ya shiga uku ba, har wuƙar gidansu ta mutu. Ranar Laraba za a kai shi kotu, in kuma babu lauyan da zai tsaya masa, sai gidan yari a Gusau har sai yadda hali ya yi.

Shi Mas'ud, a gidan fawa aka haife shi, amma fawa ba ta karɓe shi ba. Ranar farko da mahaifinsu Labaran ya ce ya riƙe ƙafar akuya, yana ganin jini ya sulale ƙasa, aka bar akuya aka koma yi masa fifita. Sai aka ɗora masa tiren balangu ya riƙa zagaya kasuwa, a nan ne baiwarsa ta fito. Mutane ba don kwaɗayi suke saye ba, don ya ƙyale su ne. Labaran ya duba ya ce wannan bakin ya fi ƙarfin tire, a kai shi boko ko gwamnati ta san yadda za ta yi da shi. Nagode ya zauna da wuƙa, Mas'ud ya tafi Sakkwato ya karanto lauya. Shi da kansa yake cewa da aka zo rabon magana a gidansu, ya karɓi nasa ya haɗa da na Yaya, shi ya sa Nagode yake iya wuni bai ce komai ba sai "to" da "madalla".

Ya dawo Mafara ya kama ɗaki biyu a saman wani shagon taki da maganin feshi, ya sa aka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Shekarun farko ya sha mamaki. Mutane su hau bene, su zauna, ya tambaye su me ke tafe da su kamar yadda aka koya masa a makaranta, su ce gaisuwa ce kawai, su tashi su tafi. Har ya fara zaton ko farin jini ne da shi. Wata rana wani dattijo daga Jangebe ya gama gaisuwa ya miƙe, shi kuma Mas'ud fitsari ya matse shi, ya ɗauki buta ya biyo bayansa. Suna kan matakala dattijon ya juyo ya ce, "Af, dama gonar ubana ce aka cinye." Mas'ud ya tsaya da buta a hannu ya saurari shari'ar da ta fara fito da sunansa. Kullum in ɗalibai suka yaba masa basira, sai ya ce su daina, ba basira ba ce, mafitsara ce.

Daga wannan rana ya gina iliminsa, kuma shi yake koya wa ɗaliban lauya 'yan yankin da ake turo masa in an yi dogon hutu ko malaman jami'a sun tafi yajin aiki. Ba ya karɓar ko sisi, ladansa dai a zauna a saurare shi. Yakan ce musu mutumin ƙasar nan ba ya shigowa da kukansa a baki. Sai ka tambaye shi gida, da iyali, da ruwa, da gajiyar hanya, kuma ko gobara ya baro zai ce maka lahiya lau. Kada ka yarda, kada kuma ka ƙaryata shi. Ka bar shi ya sha ruwa. In ya miƙe ya sa takalmi, ka miƙe ka raka shi, domin a bakin ƙofa ko a gefen titi ne zai ce "dama", kuma duk abin da ya biyo bayan "dama" shi ne shari'ar. Darasin farko kuwa, lauya ya iya yin shiru. Wannan darasi na shiru yakan ci masa tun hantsi har azahar.

Kuma fa gaskiya yake faɗa, wannan ne abin haushin. Ɗalibansa da yawa sun zama lauyoyin kirki a Gusau da Kaduna. Matarsa Salma ta taɓa ce masa ita ma da ma ɗaliba ce, ko ta samu ta ga wannan shirun da ake ta ba da labarinsa. Ya yi dariya ya fi kowa, sannan ya yi mata bayanin dalilin da ya sa maganarta ta ba da dariya.

A wannan damina ɗalibai biyu ne a wurinsa: Bushra 'yar Jangebe, mai nutsuwa da kaifin kai, da Mu'awiya ɗan Damaga, wanda komai yake so a gama shi yanzu-yanzu. Ranar Talata, kasuwa ta cika har ƙararta tana hawowa bene, Mas'ud yana tsaye yana bayani, sai ga sallama. Nagode ne, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, hannu rabbana.

Mas'ud ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, don ta nan ba a taɓa samunsa da laifi ba. Suka bi gida ɗaki-ɗaki da gaisuwa, Nagode yana amsa lahiya lau. Mai ido zai ga rigar Juma'a ranar Talata. Mai ido zai ga idanun da suka kwana biyu ba barci. Abin da Barista ya gani shi ne babu ƙunshin kilishin da Yaya ya saba kawo masa, har ya yi tsokana ya ce lallai tsadar shanu ta kai inda ta kai.

"Ta kai," in ji Nagode.

Sai wata dabara ta faɗo wa Mas'ud, irin dabarun da yake jin daɗin kansa a kansu. Ya ce, "Yaya, Allah ne ya kawo ka. Yaran nan sun gaji da gwaji a kaina. Ka taimake mu ka zama kamar wanda ya kawo kuka wurin lauya. Ka ƙirƙiro ko wace irin matsala, su kuma su yi maka tambayoyi in ga abin da suka koya."

Nagode ya daɗe yana kallon tabarmar da ke ƙasa. Shi ya zo ne ya samu ƙanensa su biyu, ga shi an ajiye shi gaban 'ya'yan mutane. Sannan maganar ta ɗansa na fari ce, wanda al'ada ta hana shi ko kiran sunansa, balle a gan shi yana rawar jiki a kansa. Amma wataƙila ya ga wannan ƙofa ce da ta fi sauƙin shiga. Ya gyara zama ya ce, "To."

Mu'awiya ne ya fara. Ko gama zama bai yi ba ya ce, "Baba, me ke tafe da kai?" Wayyo! Mas'ud ya dafe kai. Ya tambaye shi ko a Damaga haka ake tarar baƙo, ko kuwa ɗan sanda yake son zama. Faɗan ya ɗauki lokaci, ya bi ta kan tarbiyyar yaran zamani ya ɓullo ta kan wayar hannu, Nagode yana zaune yana jira.

Bushra ta karɓa. Ta sunkuyar da kai ta gaishe shi tun daga farko, ta tsiyaya masa ruwa, ta koma ta yi shiru. Can Nagode ya yi gyaran murya.

"Wani yaro dai, can wajenmu. Ya tahi kara ya sayi sa, da rana tsaka, gaban mutane. Ashe na sata ne, shi bai sani ba. Sunka zo sunka tahi da shi. Gobe za su kai shi kotu."

Mas'ud ya tafa hannu. "Kun ji ko? Wa ya ce Yaya bai iya tsara labari ba! Ci gaba, Bushra."

Ta tambaye shi wa ya ga cinikin, ya ce Sarkin Fawa na wurin da wasu mutum biyu. Ta tambayi dillali, ya ce ya gudu. Ta tambaya ko yaron ya taɓa shiga irin wannan, Nagode ya ɗago kai da sauri ya ce, "Bai taɓa ba. Ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba." Sannan ta ce, "Baba, yaya sunan yaron?"

Nagode ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar. "Sunan ba shi da amfani, ɗiyata."

"To mene ne tsakaninku da shi?"

"Gida guda muke."

Mas'ud ya ƙyalƙyale da dariya ya ce Yaya bai tanadi suna ba, a yi masa uzuri, yau ya fara wasan kwaikwayo. Daga nan haƙurinsa ya ƙare, don ya daɗe bai ji muryarsa ba. Ya ce bari ya nuna musu yadda ake ba da shawara ba tare da ɓoye wa mutum gaskiya ba. Ya zayyana yadda ake ɗaukar maganar shanun sata a yanzu, da yadda yaro zai iya shafe watanni a tsare kafin a waiwaye shi, da yadda sunan gidansu zai lalace a kasuwa. Ya ce in da gaske ne, da tun ranar da aka kama shi ya kamata lauya ya ji. "Ni a wurina ma ba yaron ne mai laifi ba," in ji shi, yana kaɗa yatsa. "Uban yaron ne sakarai. Ɗanka yana hannu, kana zaune sai ana gobe kotu?"

"Gaskiya ne," in ji Nagode a hankali. "Sakarai ne."

Aka fara kiran azahar. Nagode ya miƙe ya ce zai koma kada motar Bakura ta cika. Mas'ud ya yunƙura zai tashi, Allah ya sani ya yunƙura, sai Mu'awiya ya jefo tambaya a kan beli. Tambaya kuwa a wurin Barista, ba ya iya barinta ta huce. Ya koma ya zauna. Nagode ya tsaya a bakin ƙofa yana ta fama da takalmin da ba shi da igiya ba shi da maɓalli.

"Mas'udu."

"Na'am Yaya, a gaida gida, a gaida su Fadima. Sai na shigo." Ya juya ga Mu'awiya ya ci gaba.

Sai da ya gama da beli tas, Bushra ta ce, "Malam, ni abin da ya tsaya mini, in mutum ya ƙi faɗin suna kamar yadda Baba ya yi, yaya lauya zai yi?"

Mas'ud ya ji daɗin tambayar har ya miƙe tsaye. Ya ce wannan ita ce tambayar da babu ita a littattafan Turawa. A ƙasar nan ba a ƙin faɗin suna a banza, in mutum ya ƙi, to ya riga ya gaya maka ko wane ne. Mace ba ta kiran sunan mijinta. Ba a kiran sunan suruki. Uba kuma, in mutumin da ne, ko wuƙa aka ɗora masa ba zai kira sunan ɗansa na fari ba.

"Ku ɗauki Yaya da ya fita yanzu," in ji shi. "Tun da aka haifi Isma'ila ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Sai dai ya ce wani yaro, ko yaron nan na gida. Shi Isma'ilan ma yanzu shi ke zuwa kara yana sayo musu..."

Ya tsaya. A iya sanin ɗaliban, ba a taɓa ganin Barista ya tsaya a tsakiyar magana ba, har Mu'awiya ya zabura zai ɗebo ruwa, don ya ɗauka hawan jinin ne. Ba hawan jini ba ne. Mutumin da ya shekara ashirin yana koyar da sauraro ne ya saurari wani a karon farko, kuma wanin nan shi ne kansa. Rigar Juma'a ta dawo masa, da kilishin da babu, da wayar Fadima, da takalmin da ya ƙi shiga. Kalmar sakarai ta dawo ta zauna masa a ƙirji.

"Innalillahi," ya ce. Ya sauka benen nan da gudu, da tumbinsa da komai.

Ranar Talata ce, titi ba masaka tsinke. Buhunan shinkafa, amalanken albasa, awaki, masu tallan fura. Ya haye bayan wani ɗan kabu-kabu ya ce tashar Bakura, bai ƙara ko kalma ba, har ɗan kabu-kabun da ya san shi ya waiwayo ya tabbatar ko shi ne. A tasha ya tarar motar ta cika ana ɗaure kaya. Nagode yana can baya jikin taga, ya zuba wa waje ido. Mas'ud ya roƙi wani saurayi ya bar masa wurinsa, ya kutsa ya matse kusa da yayansa yana haki.

Nagode ya dube shi sama da ƙasa. "Ina za ka?"

"Rakiya, Yaya."

"Har ina?"

"Har inda ta kai."

Mota ta tashi. Abin da Mas'ud ya sha a wannan tafiya, shi kaɗai ya san shi. Ban haƙuri ya zo masa baki, mai tsawo, mai kyau, da gabatarwa da komai. Bayansa ga sassan doka sun yi layi, ga labarin wata shari'a makamanciyar wannan da ya taɓa ci. Ya laluba aljihu ya samu goro guda, ya jefa shi baki ɗungurungum ya datse. Suka wuce gonakin shinkafa, suka wuce magudanar ruwan da ke zuwa daga Bakolori, mata suna wanki a gefenta. Kunya da tausayi suka cika shi, ya ji ya tsani muryar nan tasa da yake ƙauna tun yana yaro. Bai ce uffan ba.

Sai da rufin gidajen Bakura ya fara bayyana, Nagode ya yi magana, fuskarsa tana wajen taga.

"Dama..."

Mas'ud ya ƙara datse goron.

"Dama Isma'ila ne."

Sunan ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Mutum ya haura sittin, ya riƙe wannan kunya tun ranar suna, yau ya ajiye ta a cikin motar haya gaban baƙi, saboda ƙanensa lauya bai iya jin magana ba sai an tauna masa. Hawaye suka zubo wa Mas'ud. Ya ce, "Na ji, Yaya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Yammacin ranar ya ga Isma'ila a inda ake tsare da shi, ya zauna ya bar yaron ya yi magana har ya gama. Ya bi Sarkin Fawa gida, ya nemo sauran mutum biyun da aka yi cinikin a gabansu. Washegari a kotu ya miƙe ya faɗi abin da ya kawo shi a taƙaice ya zauna. Alƙalin, wanda ya saba gyara zama in Barista Mas'ud ya miƙe, ya leƙo ta saman tabarau ya tambaye shi ko lafiya. Aka ba da belin Isma'ila, Sarkin Fawa ya tsaya masa. Shari'ar ba ta ƙare a ranar ba, amma yaron a gida zai kwana.

A waje Isma'ila ya zube gaban mahaifinsa yana kuka. Nagode ya kawar da kai ya zuba wa wata bishiyar dogonyaro ido, kamar bai taɓa ganin irinta ba. Ya ce wa Mas'ud, "Ka ce wa yaron nan ya tashi mu tahi." An mayar da sunan inda aka ɗauko shi.

Mas'ud ya raka su har inda za su rabu. Kada a ce an canza masa hali, tun daga ƙofar kotu yake bayanin sharuɗɗan beli, ya bi ta kan tarihin belin ya dawo, shirun jiya duk sai da ya rama shi. Da suka zo rabuwa Nagode ya ba shi hannu, ya juya, ya yi taku kaɗan, sai ya tsaya.

"Af, dama..."

Mas'ud ya tsaya cak. Ya rufe baki ruf, ya matso.

"Uban yaron dai ka ce sakarai ne, na kuwa yarda. To shi ƙanen uban, mi kuke ce mishi ga littattafanku?"

Mas'ud ya sosa ƙeya. Ya dubi Isma'ila da ke ƙoƙarin ɓoye dariya cikin hawaye, ya dubi ƙasa.

"Barista, Yaya," ya ce. "Barista ake ce masa."